Daga “Cha” Zuwa “Shayi”: Gaɓa Ɗaya da Ta Rabu Biyu Ta Mamaye Duniya

Tambayi Bahaushe daga ina kalmar “shayi” ta fito, zai iya kallonka da mamaki ya ce ai abin a fili yake: abin sha ne, daga “sha” aka samo ta. Amsar tana da daɗi a kunne, kuma ba wauta ba ce, tunda ga “shayarwa”, ga “mashaya”, ga “shaye-shaye”, duk daga tushe guda. Sai dai ba haka zancen yake ba. Gamon katar aka yi. “Shayi” baƙuwa ce da ta taso daga ƙasar Sin, ta yada zango a Farisa, ta sauya kama a bakin Larabawa, sannan ta ƙetaro Sahara. Da ta iso sai ta tarar da kalmar gida mai kama da ita, ta raɓa jikinta, har aka manta cewa daga nesa ta zo.

Shaidar tana jikin kalmar. Farisawa “chay” suke cewa, da sautin nan da muke rubutawa da harafin c, na “ciki” da “cokali”. Hausa ba ta rasa wannan sauti ba. Da daga bakin Bafarishe ko Ba'indiye muka karɓi kalmar kai tsaye, da yau “cayi” muke sha. Larabcin littafi ne ba shi da sautin, saboda haka Balarabe ya mayar da shi “sh”, ya ce “shay”. Wannan “sh” ita ce hatimin da ke nuna ta hannun wa kalmar ta biyo. Wasalin ƙarshe kuwa namu ne. Hausa ba ta cika barin kalma ta ƙare da baƙi ba, shi ya sa “ƙalam” ya koma alƙalami, “sukkar” ya koma sukari, “shay” ya koma shayi.

Abin da ya sa masana harshe ke yawan komawa kan wannan kalma shi ne ƙarancin irinta. Ruwa, wuta, uwa, kare, kowane harshe da nasa sunan. Amma shayi, kusan duk duniya ɗayan biyu ake cewa: ko wani abu mai kama da “cha”, ko wani abu mai kama da “te”. Wani masanin harshe ɗan ƙasar Suwidin, Östen Dahl, ya bi sunan shayi a harsuna 230, ya samu 110 daga cikinsu na gidan “cha” ne, 81 na gidan “te”, sauran 39 ne kawai ke da wani suna na daban. Kuma gidajen nan biyu kakansu ɗaya.

Ganye mai ɗaci

A rubutun Sinanci alama ɗaya ce ake yi wa shayi. Rubutun nasu ba sauti yake kamawa ba irin na boko ko ajami. Alama ce ke tsayawa a madadin kalma, kowane yanki ya karanta ta da nasa bakin, yadda Bahaushe zai ga lamba 5 ya ce biyar, Bafaranshe ya gan ta ya faɗi nasa. Mutumin Beijing idan ya ga alamar “cha” zai ce. Mutumin Guangzhou, birnin da Turawa suka sani da Canton, shi ma “cha” zai ce, sai dai da wani karin sauti. Amma a gaɓar tekun lardin Fujian, wajen birnin Xiamen da ake kira Amoy a da, da kuma tsibirin Taiwan da ke fuskantarsa, “te” ake cewa, da wasali irin na “tebur”. Duk rabuwar da ta biyo baya a duniya daga nan ta samo asali.

Alamar kanta ba tun fil azal take a haka ba. Tsoffin rubuce-rubucen Sinawa suna amfani da wata alama da ake karantawa “tu”, sunan da ake bai wa ganyaye masu ɗaci iri-iri, shayi ɗaya ne kawai a cikinsu. A zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, shan shayi ya bazu har ya buƙaci sunan kansa, sai aka cire wa tsohuwar alamar zane ɗaya, sabuwar ta zama ta shayi shi kaɗai. Wanda ake dangantawa da tabbatar da ita shi ne Lu Yu, wanda ya rubuta littafinsa kan shayi, Chajing, wajen shekarar 760, ya yi bayanin yadda ake nomansa, da sarrafa shi, da irin ruwan da ya fi dacewa a dafa shi da shi. Furucin wancan zamani, kamar yadda masana suka sake gano shi, da wani sauti mai kama da “d” yake farawa. A yawancin ƙasar ya narke ya zama “ch”, a Fujian ya tsaya ya zama “t”. Burbushin tsohon furucin yana nan a maƙwabta: a Biyetnam ana cewa “tra”, a Koriya kuma akwai “da” a cikin wasu haɗaɗɗun kalmomi, ban da “cha” ta yau da kullum.

Akwai ma masu ganin Sinawan su ma aro suka yi. Itacen shayi asalinsa daga tsaunukan da ke tsakanin lardin Yunnan, arewacin Myanmar da Assam ta Indiya ne, kuma al'ummomin da ke zaune a can ba Sinawa ba ne. A wasu harsunansu, irin su Wa da Lahu, “la” ake ce wa shayi. Victor Mair da Erling Hoh, a littafinsu na tarihin shayi da ya fito a 2009, sun kawo hujjar cewa daga wannan “la”, wadda asalin ma'anarta “ganye”, Sinawa suka samo tasu. A Myanmar har yau “lahpet” ake cewa, kuma ba sha kawai ake yi ba, ci ma ake yi: a tsima ganyen, a yi kwaɗonsa da mai da gyaɗa da riɗi da tafarnuwa, a ajiye wa baƙo.

Ayarin ƙasa

“Cha” ce ta fara fita, kuma a bayan dabba ta fita. Mutanen Tibet da na Mongoliya, waɗanda abincinsu nama ne da nono, sun kamu da shayi tun da wuri. Ana danne ganyen ya zama kamar tubali don ya jure tafiya, har ya riƙa yin aikin kuɗi a wasu kasuwanni. Sinawa kuwa dawakin yaƙi suke nema, don haka a 1074 daular Song ta kafa hukuma ta musamman mai musayar shayi da dawaki. A Tibet kalmar ta zama “ja”, a Mongoliya “tsai”.

Labarinsa ya isa ga Larabawa tun kafin ganyen ya zama abin shansu. Wani littafin Larabci kan labaran Sin da Indiya, wanda aka rubuta a 851 daga bakin fatake, ya ambaci wani ganye da Sinawa ke zuba wa tafasasshen ruwa su sha, sarkinsu yana karɓar haraji a kansa. Al-Biruni ma ya yi bayaninsa a littafinsa na magunguna a ƙarni na 11. Amma waɗanda suka yi wa kalmar kwaskwarimar da ta bi duniya da ita Farisawa ne. A bakinsu “cha” ta samu wutsiya ta zama “chay”. Wasu masana na cewa ɗabi'ar Farisanci ce ƙara wannan “y” bayan dogon wasali. Wasu na cewa guntun kalmar Sinanci ce ta “cha ye”, wato ganyen shayi. Ko wanne ne, duk inda aka ji wannan wutsiya, to kalmar ta ratsa ta yankin da Farisanci ke harshen kasuwa da fada: “çay” a Turkiyya, “chay” a Urdu da Hindi, “shay” a Masar da Sudan, “shai” a Habasha, “tsai” a Girka.

Ta wannan hanya ma Turai ta fara jin sunan. A 1559 aka buga wani kundin labaran tafiye-tafiye na Giovanni Battista Ramusio a birnin Venice, inda ya kawo abin da wani ɗan kasuwa Bafarishe, Hajji Muhammad, ya ba shi labari game da “chiai catai”, wato shayin ƙasar Sin. Rashawa sun biyo baya. A 1638 wani jakadansu, Vasily Starkov, ya koma wa Sarki Mikhail da kyautar ganyen daga wani sarkin Mongol, kuma bayan yarjejeniyar Kyakhta ta 1727 ayarin raƙuma da amalanke suka riƙa ratsa Siberiya da shi wata da watanni. “Chai” Rashawa ke cewa har gobe, haka ma yawancin maƙwabtansu na gabashin Turai.

Jiragen Holan

Turawan da suka fara isa Sin ta teku 'yan Fotugal ne. Sun zauna a Macau daga 1557, cikin masu cewa “cha”, suka ɗauka yadda suka ji. Wani malaminsu na coci, Gaspar da Cruz, ya bayyana abin shan da wannan suna a littafin da ya buga a 1569. Har yau “chá” ake cewa a Lisbon da Brazil da Angola. Da a ce 'yan Fotugal ne suka zama dillalan shayi na Turai, da duk wannan rabuwa ba ta taso ba.

'Yan Holan ne suka zama. Kamfaninsu na kasuwancin gabas, wanda aka kafa a 1602, ya kai shayi Amsterdam wajen 1610. Ba su da wurin zama a Canton, don haka suka riƙa saye daga 'yan kasuwar Fujian da ke kawo kaya tsibirin Java a jiragensu, musamman bayan kafa Batavia, wato Jakarta ta yau, a 1619. Daga 1624 zuwa 1662 kuma sun riƙe wani ɓangare na Taiwan. Duk inda suka juya masu cewa “te” suke gani, har Malayawan da ke tsakani ma “teh” suke cewa. Suka kai gida a matsayin “thee”, suka sayar wa maƙwabta da sunan: “thé” a Faransa, “Tee” a Jamus, “té” a Sifen, “tè” a Italiya. Karin harshen wani ɗan yanki na gaɓar teku, wanda mafi yawan Sinawa ba sa ma fahimtarsa, shi ya raɗa wa shayi suna a yammacin Turai, don kawai masu shi ne suka tsaya a bakin jirgin da ya dace. Hatta masanin tsirrai Linnaeus, da ya zo bai wa itacen sunan kimiyya a 1753, “Thea” ya kira shi.

Ingila ta karɓa daga hannun Holan. A ƙarshen shekarun 1650 aka fara sayar da shi a shagunan gahawa na Landan, kuma wani mutumin Landan mai suna Samuel Pepys ya rubuta a littafin ajiyar tarihinsa na yau da kullum cewa ya fara ɗanɗana shi a watan Satumban 1660. A lokacin “te” suke furtawa da dogon wasali, kusa da yadda 'yan Fujian ke yi. Sai a ƙarni na 18 furucin ya zame zuwa “ti”, ko da yake a wasu sassan Ayalan tsohon furucin bai mutu ba. A 1662 Sarki Charles na Biyu ya auri gimbiyar Fotugal, Catherine ta Braganza, wadda ake cewa ita ta sa shan shayi ya zama ado a fadar Ingila. Ita “chá” ta tashi tana cewa, amma ba ta iya sauya bakin talakawan mijinta ba. Akwai wani labari da ke yawo a intanet wai kalmar Ingilishi taƙaitawa ce ta wasu kalmomin Fotugis uku da aka rubuta a jikin akwatunan gimbiyar. Ƙirƙira ce, an riga an buga kalmar a Landan tun kafin a ɗaura auren.

Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne, daga 1757 zuwa 1842 hukumomin Sin sun taƙaita cinikin Turawa a tashar Canton kaɗai. Shekara tamanin da biyar Ingilishi suna lodin shayi daga hannun masu cewa “cha”, suna kai wa gida suna sayarwa da sunan “tea”. Suna ya riga ya kama.

Inda ƙa'idar ta karye

Daga nan aka samo taƙaitawar da ake yawan maimaitawa, cewa in ta ƙasa shayi ya zo maka “cha” za ka ce, in ta ruwa ne “te”. Tana da sauƙin riƙewa, amma tana da ɓaraka da yawa. Fotugal ta ruwa ta samu. Japan tsibiri ce, “cha” take cewa. Waswahili na gaɓar gabashin Afirka ta ruwa suka samu, a jiragen 'yan kasuwar Indiya da Oman da Farisa, “chai” suke cewa. Magana mafi kusa da gaskiya ita ce, “te” ta bi jiragen Holan ne da na Turawan da suka gaje su, “cha” kuma ta bi kowa da kowa. A ganina abin da kalmar ke adanawa ba ruwa ko tudu ba ne. Hannun da ya fara miƙo kofin take tunawa, ba ruwanta da wanda ya mallaki gonar, ko wanda ya ci ƙasar da yaƙi, ko dangantakar da ke tsakanin harsuna.

Indiya ce babbar shaida. Turawan Ingila ne suka mayar da ita gonar shayi. A 1823 aka nuna wa wani ɗan Sikotlan, Robert Bruce, itacen da al'ummar Singpho ta Assam ta daɗe tana amfani da shi. A farkon 1839 aka yi gwanjon shayin Assam na farko a Landan. Daga 1848 kuma wani Bature mai suna Robert Fortune ya shiga cikin ƙasar Sin a ɓoye ya kwaso iri da ƙwararrun ma'aikata. Talakan Indiya bai zama mashayin shayi ba sai a ƙarni na 20, bayan da kamfanonin Turawa suka bi tashoshin jirgin ƙasa da masana'antu suna tallarsa. Duk da haka a arewacin ƙasar sunan bai zama na Bature ba, domin “chay” ta Farisanci ta riga shi zuwa. A kudu kuwa, inda jiragen Turawa suka fara kai shi, Tamilawa da mutanen Siri Lanka suna gidan “te”. Kenya ma haka: Bature ya fara dasa shi a Limuru a 1903, gonakin Kericho suka mayar da ƙasar cikin manyan masu fitar da shi a duniya, amma mai tsinkar ganyen “chai” yake kiransa.

Maroko kuma ta juya misalin. Ƙasar Larabawa ce, amma ba “shay” ake cewa a titi ba, “atay” ake cewa, domin ba daga gabas ya zo mata ba. Jiragen Turawa ne suka kawo shi tashoshinta na Tekun Atlantika, irin su Essaouira, ya fara a matsayin abin fada da attajirai, sai a ƙarni na 19 ya sauko cikin jama'a. A Aljeriya da Tunisiya ma gidan “te” ne ke da rinjaye. Da an shiga Libiya sai a ji “shahi”, a Masar “shay”. Wato iyakar da ta raba Xiamen da Canton ta sake bayyana a tsakiyar arewacin Afirka, kuma ta gangaro cikin Sahara tare da ayari. Hanyar yamma, wadda ta taso daga Maroko ta bi ta Muritaniya, ita ta kai “atay” Tumbutu, ta kai “ataya” Senegal da Gambiya. Buzaye ma sun rabu a kai: na yamma suna cewa “atay”, na Azbin kuma kalmarsu daga “shahi” ta fito.

Ƙasar Hausa tana gabashin wannan iyaka. Hanyar fataucinta ta arewa Tarabulus take kaiwa, ta Agadas da Gat da Gadamas, kuma a ƙarni na 19 Larabawan waɗannan garuruwa suna da gidaje da rumbuna a Kano da Damagaram. Hanyarta ta gabas kuma ita ce ta alhazai, ta Chadi da Sudan, inda Hausawa da yawa suka zauna ba su dawo ba. Duk wadda aka bi cikin biyun, wurin masu cewa “shay” ko “shahi” take ɓullewa. Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, kamfanoninsu suka biyo da ganyen kwali, sun tarar an riga su. “Ti” ta shigo Hausa, tana nan a ƙamus, ana jin ta a gidajen 'yan boko da bakin amare masu lissafin “kayan ti”, amma ba ta ture shayi ba. Yarbawa da Ibo, waɗanda abin ya iso musu ta gaɓar teku a hannun Bature, “tii” suke cewa. Tiren shayin Bahaushe ma kansa a rabe yake haka: sukari da na'ana'a da finjali na Larabawa ne, suga da kofi na Bature.

Polan ce ta fi kowa raba gardama. Abin shan “herbata” ne a wurinsu, daga Latin “herba thea”, ganyen “te”. Butar da ake dafa shi a ciki kuwa “czajnik” ce, daga “chai” ta Rashawa.

Ayyukan da ta samu a baƙunta

Kalmar aro ba ta zama inda aka ajiye ta. A arewacin Ingila da Sikotlan, idan ma'aikaci ya ce zai tafi gida ya ci “tea”, abincin yamma yake nufi, ko da ba a ɗora buta ba. A Kenya da Tanzaniya “chai” tana iya nufin karin kumallo gaba ɗayansa. A Hong Kong “yum cha”, wato shan shayi, fita ce ta iyali zuwa gidan abinci a ci 'yan ƙananan abubuwan da aka turara. A Japan launin da muke kira ruwan ƙasa “chairo” ne, launin shayi, duk da cewa shayin da suke sha kore ne; daga rinin da ake yi wa tufafi da ganyen sunan ya fito. A Fotugal idan aka ce mutum yana da “ƙarancin shayi”, tarbiyya ce ba shi da ita, maganar da ta samo asali tun lokacin da 'ya'yan manya ne kawai ke tashi da shi. A Brazil wanda aka shanya a ofis yana jira, an ba shi “shayin kujera” ke nan.

Amma aikin da ta fi samu a ƙasashe daban-daban, ba tare da sun yi shawara da juna ba, shi ne na rufa wa kuɗi asiri. A Rasha ɗan abin da ake bar wa mai hidima a gidan abinci “na shayi” ne, kuma halal ne. A Kenya idan jami'i ya ce a ba shi “chai”, ba ƙishirwa yake ji ba. A Indiya da Pakistan “chai-pani” ake cewa, shayi da ruwa. A Masar ma ana neman “na shayi”. A Hong Kong “kuɗin shayi” ya taɓa yin ƙamarin da har ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya sai an ba su kafin su ɗauki majiyyaci, abin da yana cikin dalilan kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta yankin a 1974. Dalilin a bayyane yake. Abin da al'ada ta ce a tarbi baƙo da shi ba a jin kunyar bayar da shi, ba a jin kunyar karɓarsa, don haka sunansa ya fi komai dacewa da abin da ake jin kunyar ambata. A Hausa shayi bai samu wannan kujera ba, saboda ya tarar da mai ita. Goro ya riga shi da ɗaruruwan shekaru, tun zamanin fataken Gwanja, kuma har yau “ga na goro” ake cewa.

A ƙasar Sin ta yau kuwa kalmar ta samu wata ma'ana mai sanyaya jiki. Idan aka ce an gayyaci ɗan jarida ko mai rubutu a intanet “shan shayi”, jami'an tsaro ne suka kira shi su ja masa kunne.

Wani wurin ma'anar faɗaɗa take yi, wani wurin ta tsuke. A wurinmu ta faɗaɗa: shayin citta, shayin na'ana'a, shayin zogale, ba ko ɗaya da ya ga itacen Yunnan, kuma yaron da aka dama wa Milo da madara shayi ya sha. Wanda ke son ganyen zalla ba madara sai ya fayyace, ya ce ruwan bunu. A Amurka kuma tsukewa ta yi. A shekarun 1990 shagunan gahawa suka fara sayar da shayin Indiya mai madara da kayan ƙamshi da sunan “chai”, sai kalmar ta zama sunan wannan haɗin kaɗai, har ana rubuta “chai tea” a allo, abin da ke bai wa Indiyawa dariya, tunda shayin shayi ke nan. Da wannan Ingilishi ya ari kalma ɗaya sau uku: “tea” daga Holan, “char” da talakawan Birtaniya ke faɗa cikin raha, da “chai” ta baya-bayan nan.

Masu kama da ita

Gajeriyar kalma tana da saurin yin karo da wadda ba danginta ba, domin sautukan bakin ɗan Adam ba su da yawa. A Turkanci “çay” shayi ne, “çay” kuma ƙorama ce. Ta biyun tsohuwar kalmar Turkawa ce da ta riga shayi zuwa, ita ce a ƙarshen sunayen koguna irin su Arpaçay da ke kan iyakar Turkiyya da Armeniya. A Ibrananci akwai kalmar da ake rubutawa “chai” da haruffan boko, Yahudawa na rataya ta a wuya, amma “hai” ake furta ta daga maƙogwaro, ma'anarta “mai rai”, 'yar'uwar “hayy” ce ta Larabci da muka sani a cikin sunan Allah Al-Hayyu. A kudancin Najeriya “chai!” kalmar jimami ce ta Ibo da ta shiga Turancin kasuwa, wadda ta ƙara shahara a watan Mayun 2014 lokacin da Patience Jonathan, uwargidan shugaban ƙasa na wancan lokaci, ta yi ta maimaita ta cikin kuka a gaban kyamara bayan sace 'yan matan Chibok. A Sifaniyanci “te” tana nufin “ka” ko “ki”, sai an ɗora mata ɗan zane a ka sannan ta zama abin sha.

Hausa ma tana da nata. A rubuce “shayi” uku ne. Akwai na kofi. Akwai na wanzami, wanda ake yi wa yara maza da sanyin hunturu, har a ce 'yan shayi. Akwai kuma na zuci, wanda ake cewa wane ba ya shayin kowa. Ba mai rikita su a magana, kuma ɗaya ce kawai a cikinsu ta taɓa ganin ƙasar Sin. Ya kamata masu saurin ƙulla zumunci tsakanin Hausa da wani harshe mai nisa, don sun tsinci kalmomi biyar masu kama, su dubi wannan. Abin da ya tabbatar da cewa “shayi” da “tea” 'yan gida ɗaya ne ba kama ba ce, don ba su ma yi kama ba. Hujjar ita ce ana iya bin kowane sauyin sauti a ce ga inda ya faru da dalilinsa, ana kuma iya nuna ayarin ko jirgin da ya ɗauki kayan, da shekararsa.

Yanzu Hausa ta koma cikin masu bayarwa. 'Yan ci-rani daga arewacin Najeriya da Nijar sun kai teburin shayi Legas da Ibadan da Fatakwal, suka kafa shi a bakin tasha da ƙofar kasuwa, da tulin burodi da kiret ɗin ƙwai da gwangwanayen madara. Mutanen can ba su bar cewa “tii” ba idan abin sha suke nufi, amma mai teburin ba su da wani suna da za su kira shi sai nasa. “Mai shayi” ta shiga Turancinsu a matsayin “mai shai” ko “meshai”, kuma ta fara sauya ma'ana tun kafin ta gama zama: matashin Legas da ya ce yau “meshai” zai ci, burodi da soyayyen ƙwai ko Indomie yake nufi, sau da yawa ma da lemon kwalba zai kora.